Sawu Biyu a Hubbaren Baba Langar

Ranar da aka wayi gari babu ɗan jirgin hubbaren waliyyi Baba Langar, ina bakin gada ina cin dabeli, burodin nan mai dankali da yaji, a tsaye, ina jiran baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ban sha shayi a gida ba, don na tashi na tarar da murhu a sanyaye. Tun da jirgin da ɗan yayata Ilyas yake aiki a kai ya taso daga gaɓar Yaman gabanin damina, wayarsa ta daina shiga, na daina tambayar uwarsa Yaya Sherbanu dalilin komai. In ta dafa in ci, in ba ta dafa ba in fita.

Mai shayi ne ya leƙo ya ce, "Jusab, kana nan kana cika ciki, ga abokinka can an kulle a ɗakin katakon Sheth mai jirage."

"Wane abokin nawa?"

"Abokai nawa gare ka? Vela mai raƙumi. Wai shi ya sace jirgin hubbare."

Na ajiye sauran burodin, na tayar da adaidaitata na haye gada.

Duk baƙon da ya taɓa hawa adaidaitata a garinmu Mandvi ya ga jirgin nan. Nakan fara da wajen masassaƙa a bakin kogi, in bi ta tsohuwar ganuwa da hasumiyar fitila, in tsaya a hubbare, in ƙare da bakin teku inda Vela zai ɗora su a kan raƙuminsa Moti. Shi jirgin ɗan ƙarami ne na katako, bai wuce kamu ɗaya ba, ya yi baƙi don tsufa, da 'yar ankarsa ta azurfa, wato ƙugiyar tsayar da jirgi. Da baƙi suka fara yawa sai kwamitin hubbare ya sa shi cikin akwatin gilashi, aka hana taɓawa.

Na tarar da ƙofar hubbare cike da mutane. Tsoho Hasam mai gadin wurin ya tare ƙofa da tsintsiya, ya kife kwandunan kifi a jere a kan yashin tsakar gida, kamar yadda iyayenmu suke yi in ɓarawo ya bar sawu. Sheth Abdreman, mai jirage uku kuma shugaban kwamiti, yana tsaye yana bayani da ƙarfi.

"Sawu biyu sun shiga, babu wanda ya fita ta ƙofa. To ta ina suka fita? Ta katangar baya. Me aka tarar ɗaure a bayan katanga? Raƙumi. Daga kan katanga zuwa doron raƙumi ko jikana zai iya."

"Na biyun fa?" wani ya tambaya.

"Baƙon nan da Jusab ya kawo jiya, mai naci a bar shi ya taɓa. Ga Jusab nan, ku tambaye shi."

Idanu suka juyo kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, Vela fa ko kwakwar da ruwa ya kawo ba ya ɗauka sai ya tambaya."

"To ya tambayi 'yan sanda. Da la'asar zan miƙa shi."

Kowa a wurin ya san abin da hakan yake nufi. Mai raƙumi ɗan ƙauye, ba ɗan unguwa ba, ba ma addininmu ɗaya ba, in ya shiga hannu an gama. Za a karɓe izininsa na bakin teku, a tafi da Moti, ko an sake shi daga baya ba shi da abin komawa. Na roƙi a bar ni in ɗauko Baba Sumar mai bin sawu. Sheth ya yi dariya ya ce in ɗauko, zai so ma a tabbatar da maganarsa a gaban jama'a.

* * *

Na sami Baba Sumar a ƙauyensu yana zaune gindin bishiya yana gyaran igiya. Tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi yana, kuma a iya sanina bai taɓa fara kallon mutum daga fuska ba.

"Jusab ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Har yanzu kana taka ƙafar dama kamar mai danna birki."

"Baba, bar tsokana, yau da matsala."

"Kullum da matsala ake zuwa wurina. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce Baba ga alewa."

A hanya na ba shi labari. Da muka hau gada ya ce in rage gudu ƙashinsa ba na aro ba ne.

A hubbare ya cire takalmansa, ya sa Hasam ya riƙa ɗaga kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Sawun ƙafa ne ba takalmi, layi biyu gefe da gefe, duk yatsun suna kallon ɗakin kabari. Ya tsuguna ya daɗe. Ya kwantar da kuncinsa kusa da yashi kamar mai sauraron wani abu. Ya zaga bayan katanga, ya duba inda Moti yake ɗaure cikin rana ba ruwa, ya shafa saman katangar da tafin hannu, ya duba hannun.

"To?" in ji Sheth.

"To me? Ko shinkafa ai sai an jira ta."

Ya ja Hasam gefe, ni ma na bi su.

"Yaushe ka share wurin?"

"Bayan isha'i. Na share na yayyafa ruwa, kamar kullum."

"Da safe fa?"

"Na buɗe ƙofa na tafi masallaci. Daga can na tsaya shayi. Na dawo na tarar da akwati a rufe, ba jirgi."

"A rufe. Makulli fa?"

Hasam ya sunkuyar da kai. "Yana kan ƙusarsa, bayan koren ƙyalle."

"Wa ya san wurin?"

"Baba, wa bai sani ba? Duk wanda aka haifa a unguwar nan ya sani."

"Vela a nan aka haife shi?"

"A'a. Amma mun yi faɗa da shi shekaranjiya, kan kashin raƙuminsa a jikin katanga. Ya ce wata rana sai na neme shi." Tsohon ya dubi ɗakin kabari. "Ni dai an ba ni amana ta ɓace a hannuna. Ban san me zan faɗa wa mai kabarin ba."

* * *

Ɗakin katakon Sheth yana bayan wani jirgi da ba a gama ba, haƙarƙarinsa a waje. Masassaƙa suka dakata da bugu da suka gan mu. Vela yana zaune a kan gungume, rawaninsa a ƙasa, leɓensa a fashe, ido ɗaya a kumbure. Da na gan shi sai da na dafa ƙofa, don shekara da shekaru muna raba baƙi da mutumin nan, ban taɓa ganin kansa ba rawani ba.

"An ba Moti ruwa?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Zan ba shi," na ce.

Baba Sumar ya ce, "Miƙo ƙafa." Ya duba tafin, faffaɗa, mai kaushi duk ya tsage. "Me ya kai raƙuminka bayan katanga?"

"Nan nake ɗaure shi kullum kafin in je ɗauko masa ganye. Akwai inuwa da safe."

"Ka ce wa Hasam sai ya neme ka."

"Na faɗa. Wa yake ɗauko masa buhun fure daga tasha kyauta? Abin da nake nufi ke nan, na rantse da uwata."

"Ka ga wani da asubar?"

"Mata suna wucewa bakin ruwa kamar kullum. Ni ina ni ina kallon matan mutane a unguwar da ba tawa ba?" Ya juyo gare ni. "Jusab, ɗan'uwa, in suka tafi da ni kada ka bari a sayar da shi ga masu amalanke. Bai saba da bulala ba."

Na ce ba inda za a kai shi. Na faɗa ne kawai, ni kaina ban yarda da bakina ba.

* * *

Baƙon, Dakta Firoz, yana masauki a cikin tsohon gari, wani gida mai tagogin katako. Daga Mombasa ya zo neman gidan da aka haifi kakarsa, jiya muka wuni muna yawo ba mu same shi ba. Mun tarar ya haɗa jakarsa yana zaune a kanta, don mai masauki ya hana shi fita.

"Jusab, me na yi wa garin nan? Tun safe yara suke leƙo ni ta taga."

"Dakta, yi haƙuri, cire safa kawai."

Ya cire. Ƙafa ce doguwa, fara sol, mai laushi kamar ta jariri. Baba Sumar ya kalla ya yi tsaki cikin dariya. "Wannan ko ƙaya ba ta taɓa gaisawa da ita ba. Me ya sa ka nace sai ka taɓa jirgin?"

"Saboda kakata. Har ta rasu tana maganarsa. Ta ce a zamaninsu ba ya cikin akwati. In jirgin mijin mace ko na ɗanta ya yi jinkiri har damina ta rufe teku, sai ta zo ta ara, ta ɗora shi a kan ruwa lokacin da yake janyewa. In ruwa ya dawo da shi a zaune, mutuminta yana hanya. In ya dawo a kife, sai a yi sadaka. Ita ma ta taɓa ɗora shi, saboda kakana. Na so in taɓa abin da hannunta ya taɓa, shi ke nan."

"Ya dawo mata a zaune?"

"Ga ni ai, Baba."

Ni ban taɓa jin wannan ba, ko da yake a unguwar aka yanke cibiyata. Da muka fito na ce, "Tatsuniyar tsofaffi ce, ko?"

Baba Sumar ya ce, "Kai ni bakin kogi, inda yake haɗuwa da teku."

* * *

Daga ƙofar hubbare hanya ta dutse ce, kuma jama'a sun tattake ta. Amma bayan wajen masassaƙa akwai wata 'yar hanya ta laka da take bin gefen kogi. Nan ya sauka, ya tafi a hankali yana dogara sanda, ina biye. Ya tsaya wuri biyu ko uku ya zana da'ira da bakin sandar. Muka wuce inda ake shanya raga, muka fito kan yashi. Ruwa ya janye can nesa, sai tsuntsaye.

"Zo ka gani," ya ce. "Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne."

"Amma layi biyu ne suka shiga."

"Ɗaya ne ya shiga. Na biyun fita ne. Mai tafiya gaba da diddige yake fara taka ƙasa. Layi na biyu yatsu ne suka fara nutsewa, takun gajere, yashi ya watsu ta wajen da bai kamata ba. Da baya-baya aka fito. Saman katanga kuma ƙurarsa tana nan, ko kyanwa ba ta hau ba." Ya dube ni. "Kai in ka shiga wajen Baba Langar, yaya kake fitowa?"

Na ce, "Da baya. Ba a juya masa baya."

"Vela ya san wannan? Ko da ya sani, ka taɓa ganin ɓarawon da ya ɗauki kaya, ya rufe akwati, ya mayar da makulli, sannan ya fito a hankali don kada waliyyi ya ga ƙeyarsa? Sheth da kansa haka yake fita kullum, amma da ya ga sawu bai tuna ba. Yana neman ɓarawo ne, ba mai ladabi ba."

Ya nuna ƙasa da sanda. Sawun ya miƙe zuwa inda ruwa yake da asuba. Akwai gurbin gwiwoyi biyu a jiƙaƙƙen yashi, da wani wuri kusa da su inda aka zauna aka daɗe.

"Mace ce, ba yarinya ba. Ta zo da abu a ƙirji, ta koma hannu sake. Dubi ƙafar hagu. Ba ta taka tsakiyarta, a gefe take tafiya. Tsohon ciwo ne, tun tana ƙarama."

Na duba. Ina ɗan shekara uku ƙusar jirgi ta huda ƙafar Yaya Sherbanu a wajen masassaƙa, tana goye da ni. Duk rayuwata ina jin takun nan a tsakar gidanmu, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Na zauna a kan yashi.

Baba Sumar bai tambaye ni sunanta ba. Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Ɗanta ne ko mijinta?"

"Ɗanta. Shi kaɗai gare ta." Na kama hannunsa. "Baba, don Allah. Ka ce sawun ya ɓace a kan dutse."

"Sai su miƙa Vela."

"Ka ce ba Vela ba ne kawai."

"Zan faɗa. Kana jin Sheth zai saki wanda yake hannu don a ba shi iska? Sai ya ga wani a madadinsa." Ya miƙe da ƙyar. "Ba zan kira sunanta ba muddin akwai wata hanya. Amma mutumin nan ba zai kwana a hannu ba ina da rai. Ka je gida."

* * *

Na same ta a kan soro, inda take zama tun damina, ta fuskanci teku. Bakin wandonta ya bushe da farin gishiri. Na tsaya a bayanta ina neman ta inda zan fara, ban samu ba. Matar nan ita ta raine ni. Me zan ce mata, ke ɓarauniya ce? Ko in tambaye ta jirgin ya dawo, alhali ina ganin bai dawo ba?

"Ka ci abinci?" ta ce, ba ta waiwayo ba.

"Na ci. Yaya, an kama Vela."

Ta ci gaba da kallon teku.

"Sun fasa masa baki. Da la'asar za a kai shi wajen 'yan sanda. Wai shi ya ɗauki jirgin hubbare."

Na ga kafaɗunta sun motsa. Ta ce, "Ruwa bai dawo ba tukuna, Jusab. Sai yamma yake dawowa."

"La'asar tana gaba da yamma, Yaya."

Na sauka na ɗebi ruwa a bokiti na kai wa Moti, don shi kaɗai ne abin da na ga zan iya yi a duniyar nan.

* * *

Bayan sallar la'asar aka taru a hubbare. Maza a ciki jikin katanga, mata a bakin ƙofa. Baba Sumar ya sa Hasam ya share rabin tsakar gida ya yayyafa ruwa, ya bar tsohon sawun a ɗaya rabin. Aka kawo Vela, aka kawo Dakta Firoz, Hasam ma ya ce a haɗa da shi.

Ɗaya bayan ɗaya suka taka yashin ba takalmi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na Vela ya kusa ninka wancan a faɗi, na Dakta ya fi shi tsawo, na Hasam yatsunsa a tanƙware.

"Babu mai sawun a cikinsu," in ji Baba Sumar. Ya yi bayanin fita da baya, kamar yadda ya yi mini. Na ga tsofaffi suna kallon juna.

Sheth ya ce, "Mun ji. To wane ne?"

"Wanda bai zo da niyyar sata ba."

"Baba, ba wa'azi na kira ka ba. Jirgi ya ɓace, raƙumi yana bayan katanga. Wataƙila ya aiko wani ne ya miƙa masa. In ba ka da suna, ni ina da." Ya yi wa yaransa alama, suka kama hannun Vela.

Vela bai yi gardama ba, ni kawai ya kalla. Baba Sumar ma ni ya kalla, sannan ya buɗe baki. Na rufe idona.

Sai na ji takun, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi.

Mata suka dare. Yaya Sherbanu ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa, ta ja mayafinta, ta taka sabon yashin har ɗakin kabari. Ta tsaya ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Sannan ta fito da baya-baya, a hankali, fuskarta ga kabarin, har ƙofa. Layi biyu suka kwanta a yashi, gefe da gefe, duk yatsun suna kallon ciki.

"Ku saki bawan Allah," ta ce. "Ni na ara."

Sheth ya rasa inda zai sa idonsa. "Sherbanu, ara? A wurin wa?"

"A wurin mai shi. Kakata ta ara, uwarka ma ta ara lokacin da babanka ya makara daga Basra, ka tambayi tsofaffi. Ku kuka sa shi a gilashi don masu ɗaukar hoto. Na zo wurinka sau nawa ina tambayar labarin Ilyas da jirginka da yake ciki? Kullum ka ce ana bincike. To na tambayi wanda zai amsa mini."

"Ina jirgin yake yanzu?"

Ta juya ta dubi wajen teku. Ta ce, "Bai dawo ba tukuna."

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Yaran Sheth suka saki Vela ba tare da an ce musu ba. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ya ɗauki rawaninsa ya naɗa a karkace, ya bi ta gefen Yaya, ya sunkuyar da kai ya wuce wajen raƙuminsa. Maganar 'yan sanda ta mutu a nan. Dakta Firoz ya bar gari a motar yamma, bai ga gidan kakarsa ba.

Ruwa ya dawo da yamma, ya sake janyewa, bai kawo komai ba.

* * *

Baba Sumar ya kwana biyu a gari wajen wani ɗan'uwansa. Ranar da zan mayar da shi ƙauye, da hantsi, Vela ya kira ni a waya ya ce in zo can bayan manyan fankokin iska masu ba da lantarki, inda baƙi ba sa kaiwa. Muka tafi tare da tsohon.

Jirgin yana kan yashi a iyakar inda ruwa ya tsaya, a zaune daram, sandar tsakiyarsa tana kallon sama, ciyawar teku ta naɗe ankar. Vela yana tsaye nesa kaɗan riƙe da akalar Moti, kumburin idonsa ya koma baƙi.

"Haka na same shi," ya ce. "Ban taɓa ba. Je ka kira ta."

Murna ta kama ni. Na juya zan ruga, sai na ga Baba Sumar yana kallon ƙasa. Ni ba mai bin sawu ba ne, amma na wuni da shi, idona ya koyi abin da bai kamata ya koya ba. Gefen jirgin akwai wani dogon gurbi, da ɗan rami mai zurfi inda sandar jirgin ta soki yashi. Kusa da su gurbin gwiwa ɗaya, da faffaɗan sawu mai kaushi. Saman sandar jirgin kuma jiƙaƙƙen yashi ne manne. A kife ruwa ya kawo shi.

Baba Sumar ya ɗago ya kalli Vela a fuska, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba.

"Haka na same shi," Vela ya sake faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Mutumin da aka ce ko sarki bai taɓa sa shi ya canza maganar sawu ba. Sai ya matsa, ya sa gefen ƙafarsa ya share ramin, ya share gurbin, ya share gwiwar, ya goge kan sandar da bakin rawaninsa.

"Idona ya tsufa," ya ce. "Ban ga komai ba. Jusab, me kake jira?"

Na je na ɗauko ta. Tun daga nesa ta gan shi, ta sauka kafin in tsaya, ta ruga da ƙafarta mai ciwo, ta durƙusa ta rungume shi tana dariya tana kuka. Ta yi wa Vela addu'a har jikokinsa. Ranar ta dafa shinkafa mai zaƙi ta raba wa unguwa, ta aika wa Vela da kwano mafi girma.

An mayar da jirgin cikin gilashi, Sheth ya sa sabon kwaɗo, makulli yana aljihunsa. Ina nan ina kai baƙi, daga masassaƙa zuwa ganuwa, zuwa hubbare, in ƙare wajen Vela. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba. Yanzu kullum da shayi a gidanmu. Yaya takan zuba kofi uku, ta rufe ɗaya da faranti, ta ce in na bi ta tasha in duba motar safe da kyau, don yaron ba ya son a bar shi yana jira da kaya. Nakan ce to, Yaya, kuma nakan bi ta tashar.